YADDA AKA SAYAR DA AMSA A TALABIJIN: LABARIN STEMPEL DA VAN DOREN

Yau za mu ɗan ajiye labarin soyayya gefe guda, mu taɓa tarihi.

Lokacin muna aji huɗu a sakandare an taɓa kwasar mu zuwa gasar kacici-kacici tsakanin makarantu. A ɗaya ɓangaren akwai wani yaro da ya hana mu sakat, domin kafin alƙalin gasa ya rufe baki ya riga ya cafke amsa. Ana cikin haka aka tambaye shi babban birnin wata ƙasa, sai gogan naka ya ƙame ya faɗi sunan wani kogi. Ɗaki ya tuntsire da dariya. Da alƙali ya karanto tambaya ta gaba, sai ga shi wannan kogin ne amsarta. Nan fa kowa ya yi tsit, malaminsu ya sunkuyar da kai. Ban ƙara tuna wannan rana ba sai da na ci karo da labarin abin da ya faru a Amurka tsakanin 1955 da 1959, inda aka yi irin wannan, amma a idon miliyoyin mutane, kuma a kan kuɗi masu ban tsoro.

A 1954 kotun ƙolin Amurka ta yanke hukuncin cewa shirye-shiryen ba da kyauta a rediyo da talabijin ba caca ba ne. Wannan ya buɗe ƙofa. A watan Yunin 1955 gidan talabijin na CBS ya fara wani shiri mai suna Tambayar Dala 64,000, wanda kamfanin kayan kwalliya na Revlon ya ɗauki nauyi. Mutum zai zaɓi fannin da ya ƙware, ana yi masa tambaya kuɗin na ninkawa, in an kai ga manyan kuɗi sai a rufe shi a wani ɗan ɗaki na gilashi don kada wani ya raɗa masa amsa. Wani mai gyaran takalmi, Gino Prato, ya ci dala 32,000 a kan sanin waƙoƙin ofera. Wani hafsan soja, Richard McCutchen, ya lashe dala 64,000 a fannin girki. Wata likitar halayyar ɗan Adam, Joyce Brothers, ta lashe nata a fannin dambe. Jama'a suka haukace da kallo, kayan Revlon kuwa suka riƙa ƙarewa a kantuna.

Ganin haka kowane gidan talabijin ya nemi nasa. A watan Satumban 1956 NBC ta fito da Twenty-One, wato ashirin da ɗaya. Jack Barry ne mai gabatarwa, abokinsa Dan Enright shi ne mai shiryawa, maganin ƙarin jini na Geritol kuma shi ake talla. Tsarin shi ne a sa mutum biyu kowa a ɗakinsa na gilashi da abin sauraro a kunne, ba mai jin ɗan'uwansa. Kowa zai zaɓi tambaya mai maki daga 1 zuwa 11, iya yawan makin iya tsaurinta, wanda ya fara kai 21 ya ci.

Shirin farko an yi shi tsakani da Allah, sai ya zama abin kunya, domin 'yan takarar sun yi ta faɗuwa tambaya bayan tambaya. Masu talla suka nuna ɓacin ransu. Daga ranar Enright ya yanke shawarar cewa ba zai ƙara barin shirinsa a hannun sa'a ba.

Nan Herb Stempel ya shigo labari. Tsohon soja ne daga unguwar Queens a birnin Niyok, yana karatu a kwalejin birnin, kuma Allah ya ba shi kai mai riƙe duk abin da ya karanta. Enright ya je har gidansa ya buɗe ma'ajiyar kayansa, ya zaɓo masa wata tsohuwar kwat da ta yi masa yawa, da agogo mai arha wanda ake jin ƙararsa a makirfo, ya sa aka yi masa askin soja. Ana so 'yan kallo su ga talakan ɗalibi mai fafutuka. Kafin kowane shiri ana ba shi tambayoyi da amsoshi, a koya masa inda zai yi shiru, inda zai ciji leɓe, da yadda zai dangwale zufa da hankici ba tare da ya goge hodar fuska ba. Mu da muke rubuta littafi mun san wannan aiki sarai, haka muke ƙera jarumi da mugu a takarda. Bambancin kawai shi ne mai sayen littafinmu ya san ƙagagge ne tun daga bango.

Stempel ya yi makonni yana cinyewa, har kuɗinsa suka kai dala 69,500. Sai dai masu shirin suka lura 'yan kallo sun fara gajiya da shi. Ana neman sabuwar fuska, sai wani ma'aikacin Enright mai suna Albert Freedman ya haɗu da Charles Van Doren.

Shi Van Doren ɗan gidan ilimi ne gaba da baya. Mahaifinsa Mark Van Doren marubucin waƙoƙi ne kuma malami a jami'ar Columbia, ya ci lambar yabo ta Pulitzer, haka ma baffansa Carl. Shi kansa yana koyar da Turanci a jami'ar, yana da shekara 30, kyakkyawa, mai ladabi da iya magana, albashinsa kuwa bai wuce dala 4,400 a shekara ba. Daga baya ya faɗa da bakinsa cewa da farko ya nemi a bar shi ya yi takara da gaskiya, amma Freedman ya ce masa ba zai iya kayar da Stempel ba, kuma ai nishaɗi ne kawai, sannan in malami ya yi fice a talabijin yara za su so karatu. Da wannan daɗin baki ya amince.

Ranar 5 ga Disamba, 1956 aka umarci Stempel ya faɗi. Tambayar da aka zaɓa masa ita ce wane fim ne ya ci lambar Oscar ta gwarzon fim na 1955. Amsar ita ce Marty, fim ɗin da Stempel yake matuƙar so, har ya kalle shi sau uku. Ya roƙi a sauya masa tambaya, aka ƙi. Mai karatu ka auna: kana tsaye a ɗakin gilashi, ƙasa duka na kallonka, amsa tana kan harshenka, amma an ce ka nuna ba ka sani ba. Ya yi jim, sannan ya ce On the Waterfront. Kafin a tashi shirin Van Doren ya kayar da shi.

Daga nan tauraron Van Doren ya haska. Ya yi wata uku yana lashewa, ya tara dala 129,000, mujallar Time ta sa hotonsa a bango a watan Fabrairun 1957, wasiƙu suka yi ta zuwa daga iyaye da malamai suna gode masa don ya sa 'ya'yansu son littafi. A watan Maris ya sauka a hannun wata lauya, Vivienne Nearing, bayan ya kasa faɗin sunan sarkin Beljiyam, wato Baudouin. NBC ta ba shi kwangilar dala 50,000 a shekara, ya zama ɗan gida a shirinta na safe.

Shi kuwa Stempel baƙin ciki ya ishe shi. An yi masa alkawarin aiki a talabijin ba a cika ba, ga shi yana ganin ɗan masu hali yana cin moriyar ƙaryar da suka yi tare. Ya kai ƙorafi gidajen jarida, suka ƙi bugawa saboda ba shi da hujja kuma suna tsoron shari'a. Masu shirin ma suka riƙa nuna cewa mutumin ba shi da cikakkiyar lafiyar ƙwaƙwalwa.

To, an ce rana dubu ta ɓarawo, rana ɗaya ta mai kaya. Asirin ya tonu ne ta wani shiri daban mai suna Dotto. A 1958 wani mai jiran layi, Edward Hilgemeier, ya tsinci ɗan littafin wata 'yar takara a bayan fage, ya ga amsoshin da take bayarwa a rubuce ciki. A watan Agusta aka soke shirin, jaridu kuma suka waiwayi maganar Stempel. Babban mai gabatar da ƙara na Niyok, Frank Hogan, ya kafa bincike, aka kira shaidu kusan 150, shi Hogan ya ƙiyasta cewa kimanin 100 daga cikinsu ƙarya suka yi bayan sun yi rantsuwa. Van Doren na cikinsu. Sai dai akwai wani tsohon ɗan takarar Twenty-One, James Snodgrass, da ya yi wata dabara: duk lokacin da aka ba shi amsoshi sai ya rubuta su ya aika wa kansa ta gidan waya a wasiƙa mai rajista, tambarin ranar yana nuna kafin a yi shirin ne. Wannan hujja ba ta musantuwa.

Alƙali ya rufe rahoton binciken, amma majalisar wakilai ta karɓi maganar a ƙarƙashin kwamitin Oren Harris. Van Doren ya aika musu saƙon cewa shi mai gaskiya ne, sannan ya ɓace na 'yan kwanaki. Da sammaci ya iske shi, ranar 2 ga Nuwamba, 1959 ya zauna gabansu a Washinton ya amsa komai. Wasu 'yan majalisar suka shiga yaba masa, sai ɗaya daga cikinsu, Steven Derounian, ya ce shi bai ga dalilin yaba wa babban mutum mai ilimi don kawai ya faɗi gaskiya ba. Cikin kwanaki NBC ta sallame shi, aikin jami'a ma ya tafi.

Abin mamaki, a lokacin babu dokar da ta hana shirya maguɗi a gasar talabijin. Sai a 1960 majalisa ta gyara dokar sadarwa ta mai da shi laifi. Waɗanda aka hukunta, ciki har da Van Doren a 1962, an kama su ne da laifin rantsuwar ƙarya, kuma ba wanda ya kwana a kurkuku. Manyan kamfanonin da suka kwashi riba ba abin da ya same su. Barry da Enright sun sha shekaru da dama a gefe, sannan suka dawo harkar suka sake yin kuɗi. Van Doren ya koma aikin edita a Encyclopaedia Britannica, ya kame bakinsa har 2008 da ya rubuta labarinsa a mujallar New Yorker. A 1994 Robert Redford ya yi fim a kan badaƙalar mai suna Quiz Show. Van Doren ya rasu a watan Afrilun 2019, Stempel a watan Afrilun 2020, kowannensu yana da shekara 93.

Kwaɗayi dai bai mutu ba. A 2001 a Ingila wani Manjo Charles Ingram ya amsa tambayoyi 15 na shirin Who Wants to Be a Millionaire, amma aka hana shi fam miliyan ɗaya bisa zargin wani na yi masa tari duk lokacin da aka ambaci amsar daidai. Kotu ta same su da laifi a 2003, ko da yake sun ci gaba da musantawa. Shirin ya iso Najeriya a 2004 da Frank Edoho, kuma a 2009 Aroma Ufodike ya lashe naira miliyan 10. Da yawanmu mun kalla muna ihun amsa daga kan tabarma.

Abin da ya fi tsaya min a rai shi ne, mutanen nan biyu duk suna da ilimi na gaske. Da an bar su da kawunansu za su san da yawa, su faɗi wasu, kamar kowa. Abin da aka saya a wurinsu shi ne yardar mai kallo, wanda ya zauna da 'ya'yansa yana cewa ku dubi abin da karatu ke yi. Duk uban da ya biya kuɗi a sato wa ɗansa amsar jarrabawa, da malamin da ya raɗa wa ɗalibi tambayoyin gasa, irin wannan cinikin suke yi. Yaron nan na gasarmu ba daƙiƙi ba ne, daga baya na ji shi ne na ɗaya a ajinsu. Amma har muka gama makaranta ba a kiransa da komai sai sunan wannan kogin.

Sai mun haɗu a fitowa ta gaba, inda za mu ɗora daga inda muka tsaya a littafinmu.