Maza a ɗakin haihuwa: Cikas ɗin da suke fuskanta a Jigawa

A ƙananan asibitocin karkara na ƙaramar hukumar Taura da maƙwabtanta a jihar Jigawa, sau da yawa jami'in lafiyar da ake tararwa a bakin aiki namiji ne.

Sai dai da wuya mai naƙuda ta yarda ya karɓi haihuwarta, saboda kunya. Haka kuma magidanta da dama ba sa amincewa wani namiji ya duba matansu.

A al'adance, yankan cibi da kula da jariri aikin ungozoma ne da tsofaffin gida.

Malaman fiƙihu sun fi son mace ta duba mace, amma sun halatta wa namiji idan larura ta kama kuma babu mace ƙwararriya.

Wannan ƙyama na cikin dalilan da ke sa mata haihuwa a gida, sai naƙuda ta yi tsawo a garzaya babban asibitin Jahun, inda ƙungiyar likitoci ta MSF ta fara kula da masu haihuwa da masu yoyon fitsari a 2008.

Hukumomi dai sun fi karkata ga ƙara yawan mata ma'aikata. A 2009 gwamnatin tarayya ta soma tura ungozomomi karkara, sannan a 2012 Birtaniya ta tallafa wa shirin horar da mata a jihohin arewa biyar, har da Jigawa.

Ko a Birtaniyar ma, sai a 1983 aka ɗage duk wani takunkumi kan maza ungozomomi.