Daga Ƙugiyar Jirgin Ruwa Zuwa Kasuwar Illela

Illela ba ta da teku, amma da yawa daga cikin atamfa, shinkafa da kayan gyaran mota da ke ratsa iyakarta da Birnin Ƙonni sai da suka yi reto a bakin ƙugiya a Legas ko Kwatano. A ganina, tarihin sana'ar sauke kaya daga jirgi ya nuna cewa kaya ba su daina lilo ba sai da aka kwantar da ruwan da jirgi ke tsaye a kai.

Kafin 1914 manyan jirage ba sa iya shiga Legas saboda rairayin da ya tare bakin mashigar. Can cikin teku suke tsayawa, a zuro kaya da igiya zuwa ƙananan jirage. Duk wanda ya ja guga a rijiya mai zurfi ya san yadda yake kaiwa da komowa har ya bugi bango. To a teku mai jan ma ba a tsaye yake ba. Babban jirgi na tangaɗi, ƙaramin na hawa da sauka da nasa lokacin, in kuwa lilon kayan ya dace da bugun raƙuman ruwa sai ya ƙaru. Dole mai injin ƙugiyar ya jira ƙaramin jirgin ya taso kafin ya saki, wasu na riƙe da igiyoyin gefe. Kuskure kaɗan, dila ta faɗa ruwa ko ta danne mutum. A Kwatano ma haka ake fama a gadar ƙarfen da Faransawa suka miƙa cikin teku, har aka buɗe tasha mai zurfi a 1965.

Wani zai ce ai ƙwarewar ma'aikata ce ta riƙe sana'ar. Gaskiya ne, kuma ba a yaba musu yadda ya kamata ba, sai dai ƙwarewa rage asara take yi, ba ta hana ta. Katangun duwatsun da aka gina a bakin Legas da tashar Apapa ta 1926 su suka sauya lamarin. Ko a 1975, da jiragen siminti suka cushe Legas aka koma sauke kaya a tsakiyar ruwa, tsohuwar wahalar ce ta dawo. Yau akwai injinan da ke auna motsin jirgi su ja ko su saki igiya nan take, amma tsadarsu ta sa an fi ganinsu wajen aikin mai a teku. Ɗan kasuwar Illela tasha mai kwanciyar ruwa ce ta fi yi masa amfani.