Gashin Ɗawisu a Bakin Azzalumin Kifi

Fatsar da muka tashi muka sani ba ta da wani sirri: sanda, zare, ƙugiya, sai tanar da aka tono a gindin randa. A jefa, a zauna, a jira. Amma a ƙasashen sanyi akwai wata fatsa wadda ba a soka wa ƙugiyarta komai mai rai. Gashin tsuntsu da ulu da zare ake naɗa mata har ta yi kama da ƙwaron da ya faɗo kan ruwa, kuma masu yin ta suna kiran abin da suka naɗa ɗin ƙuda. Da yake ƙudan ba shi da nauyin da zai kai kansa tsakiyar kogi, sai aka mayar da nauyin cikin igiyar. Masunci ya riƙa kaɗa ta gaba da baya a iska kamar bulala, ita ce za ta ɗauki ƙudan ta sauke shi inda ake so. Mu riƙe wannan, domin kusan duk rigimar da za ta biyo baya a kan nauyi take.

Sana'ar ta tsufa. Wani marubucin Rum mai suna Aelian, wanda ya rayu wajen shekara ta 200 miladiyya, ya ba da labarin mutanen Makidoniya da ke naɗa jan ulu a ƙugiya, su ɗaura gashi biyu na wuyan zakara masu launin kakin zuma, su kama wani kifi mai ɗige-ɗige. A shekarar 1496 aka buga wani ɗan littafin fatsa a Ingila, wanda ake jingina wa wata mace mai suna Juliana Berners, ya kawo ƙudaje 12, ya raba su bisa watannin da kowanne ke ci. Hankalinsu galibi yana kan tirawut, kifin ruwan sanyi mai tasowa sama ya tsinci ƙwari. Hujjar a fili take: kifi na cin ƙwari, to a yi masa ƙwaron ƙarya.

Fayik kuwa ba ya cikin wannan lissafi. Sunansa a Ingilishi daga sunan dogon mashin yaƙi aka samo shi, kuma duk wanda ya ga ƙirarsa ba zai nemi ƙarin bayani ba. Dogo ne, kore mai zane-zane, bakinsa shimfiɗaɗɗe kamar na agwagwa, cike da ɗaruruwan haƙora masu karkata ciki, ta yadda abin da ya shiga ba ya komowa. Ba ya yawon neman abinci sosai. Laɓewa yake yi cikin ciyawar ruwa ko ƙarƙashin ganyen bado, ya tsaya cik, sai abin ci ya gifta ya harba kansa. Yana cin kifi, da kwaɗi, da ɓerayen ruwa, da 'ya'yan agwagwa, har da 'yan uwansa. Matan su ne manya. Turai ta daɗe tana jin tsoronsa tana kuma yi masa ƙari. An yi ƙarnuka ana ba da labarin wani da aka ce an kama a Jamus a 1497, da zoben da Sarki Frederick na Biyu ya sa masa tun 1230, wai shekararsa 267. Aka rataye ƙasusuwansa a Mannheim mutane na zuwa kallo, sai daga baya masana suka gano ƙashin bayan kifaye da yawa aka harhaɗa. Izaak Walton, a littafinsa na 1653, matsayin azzalumin sarkin ruwa ya ba shi.

To me zai kai irin wannan ga ƙuda? Wani tsohon soja, Robert Venables, ya yi wa kansa wannan tambaya. Shi ne ya jagoranci sojan ƙasa na Ingila a tafiyar da ta ƙare da kama Jamaika a 1655, ya dawo gida aka jefa shi kurkuku na ɗan lokaci, daga nan ya koma bakin kogi. A littafinsa na 1662 ya ce ya san akwai masu neman fayik da ƙudan ƙarya, amma a ganinsa wahalar banza ce, tunda akwai hanyoyin da suka fi sauƙi. Ba ƙarya ya yi ba. A soka ƙaramin kifi a ƙugiya ya fi saurin kawo sakamako, har gobe. Abin da ya ba mu sha'awa shi ne, cikin ƙoƙarin kushe abin, ya bar mana shaida cewa fiye da shekara 350 da suka wuce akwai masu taurin kan da ke yi.

Labarin da ya fi shahara daga Sikotland ya fito, a ƙarshen ƙarni na 18. John Murray, mai kula da dajin farautar gidan sarautar Kenmure, an ce ya kama fayik mai nauyin laba 72, wato sama da kilo 32, a tafkin Loch Ken, da ƙudan da aka yi da gashin ɗawisu. An ajiye ƙoƙon kan kifin a gidan shekaru masu yawa. Game da nauyin, mu dai muna ɗaga gira: fayik mafi girma da hukumar ajiye tarihin fatsa ta duniya ta amince da shi, wanda Lothar Louis ya kama a Jamus a 1986, kilo 25 ne. Masunci da ma'auni sun daɗe ba sa jituwa. Amma gashin ɗawisun ba mu da dalilin musa shi, domin littattafan farkon ƙarni na 19 sun bar mana yadda ake haɗa irin wannan ƙuda dalla-dalla.

Ga yadda yake. Ƙugiya mai baki biyu, a ɗaure ta da zaren siliki wanda aka naɗe da siririyar waya saboda haƙora. A yi mata jiki mai kauri da ulu ko gashin dabba, ja da rawaya da duk launin da ya fi ɗaukar ido, a zagaye da zaren zinari. Fukafukai kuwa daga jelar ɗawisu, wurin nan mai kama da ido. A maƙala duwatsun ado biyu a kai su zama idanu. In an gama, girmansa ya kai na ɗan ƙaramin tsuntsu. A tafkunan Ayalan da Sikotland aka fi amfani da shi, sau da yawa a bar shi yana biye da kwalekwale a ranar da iska ke kaɗa ruwa.

A nan ne sunan ya fara rabuwa da abin. Babu ƙwaron da ya yi kama da wannan, kuma masu haɗa shi sun san haka. Wasu suka ce fayik na ɗaukar sa ɗan agwagwa ne, wasu suka ce tsuntsu ne da ya faɗa ruwa, wasu suka ce babban mazari. Mu a namu ganin, rabin adon nan domin idon mai saye aka yi shi. Zamani ne da jiragen ruwan daular Birtaniya ke kwaso gashin tsuntsaye daga Indiya da Kudancin Amurka da Afirka, masu shagunan fatsa na London suna gasar wanda ƙudansa ya fi ƙawa. Fayik bai san zinari ba. Abin da ya gani shi ne wani abu mai motsi wanda zai shiga bakinsa. Kuma ƙudan yana da babban aibu: da ya sha ruwa sai ya zama kamar jiƙaƙƙen tsumma, jefa shi da doguwar sandar katako aikin karya kafaɗa ne.

Sai kuma girman kai ya shigo. A kudancin Ingila, a kogunan nan masu ruwa garai-garai irin su Test, Frederic Halford ya fitar da littattafansa na 1886 da 1889, inda ya kafa aƙidar cewa fatsar mutumin kirki ita ce ta busasshen ƙuda mai yawo a saman ruwa, wanda ya kwaikwayi takamaiman ƙwaro, a jefa wa tirawut ɗin da aka gani da ido. Mabiyansa suka mai da shawarar doka. Dama Ingila ta riga ta raba kifi gida biyu, kamar yadda ta raba mutane: tirawut da salmon na masu gidaje da filaye, sauran kuwa, har da fayik, na ma'aikatan masana'antu masu zama a bakin magudanun ruwa ranar hutu. A kogunan masu kuɗi, fayik ɓarawo ne mai cinye tirawut. Masu gadi suka bi shi da raga da zarge da bindiga. Wa zai ɓata gashin ɗawisu a kan abin da ake biyan mutum ya kashe? Ƙudan fayik ya koma abin rataya a bango.

Farfaɗowarsa daga Amurka ta zo, kuma daga hannun mutanen da ba fayik ne a gabansu ba. A 1924, a Upper Dam ta jihar Maine, wata mata mai suna Carrie Stevens ta kama babban tirawut da ƙudan da ta naɗa, dogo siriri mai siffar ɗan kifi. Da yatsunta kawai take naɗi, ba ta matse ƙugiya a ƙarfe kamar sauran. Ba ita ta fara irin wannan ƙira ba, amma ita ta sa ta yi suna. A ƙarshen shekarun 1950, Lefty Kreh, mai fatsa a gaɓar tekun Chesapeake, ya warware wata matsala da ta daɗe tana ci wa mutane tuwo a ƙwarya: dogon gashi yakan naɗe ƙugiya yayin jifa. Sai ya ɗaura gashin a can ƙarshen ƙugiyar, ya rufe gabanta da gashin jelar barewa. A cikin ruwa ƙudan ya buɗe ya yi jiki kamar kifi, da an ɗaga shi kuma ya zubar da ruwan ya tsuke. Wannan ƙuda har kan tambarin gidan waya na Amurka ya hau a 1991. Larry Dahlberg na Minnesota kuma ya aske gashin barewa ya yi wa nasa kai mai ƙeya, wanda in an ja shi yake nutsewa da ƙara da kumfa, in an saki ya taso. Wasu suka yanka fatar zomo siri-siri, domin gashinta na rawa a ruwa ko ba a ja ba. Kayan aiki ma suka canza: igiya mai rufin roba a shekarun 1950, sandar kabon marar nauyi a shekarun 1970, da zaruruwan roba masu walƙiya waɗanda ba sa shan ruwa. A 1993 Barry Reynolds da John Berryman suka fitar da littafi guda sukutum a kan neman fayik da ƙuda, abin da Venables ya kira wahalar banza.

Yau mai naɗa ƙudan fayik, a Suwidin ko Kanada ko Holan, da abu biyu yake kokawa: yana son ƙudan ya yi girma a idon kifi, ya kuma yi sauƙi a iska. Tsawonsa kan kai santimita 15 zuwa 30, amma in ka riƙe shi ga haske za ka ga cikinsa kusan fanko ne, an baza gashin ne kawai ya yi inuwar jiki. Sabon shiga yakan cusa kaya da yawa, ya sami ƙuda kyakkyawa a kan tebur, matacce a ruwa. Wajen zaɓe kuwa, ruwan ake tambaya. In garai yake, a sa mai kama da kifayen wurin, fari da azurfa, ko kore mai baƙaƙen ratsi. In ya yi duhu ko laka, a sa baƙi ko ruwan lemo, mai ƙaton kai da ke tura ruwa, domin fayik na jin girgiza ta wani layi da ke gefen jikinsa tun kafin ya gani. Ja da fari tsohon haɗi ne da har yanzu ba a yar ba. Cikin sanyi a ja a hankali. Kuma masu gogewa sun yi ittifaƙi a kan cewa sau da yawa lokacin da aka dakata da ja, ƙudan ya tsaya yana lilo kamar kifin da ya ji ciwo, shi ne lokacin da ake kai masa hari.

Canjin da ya fi girma ba a gashin yake ba. Ƙugiya ɗaya ake sa wa yawanci yanzu, a kuma danne ƙayarta don ta fita da sauƙi, domin yawancin masu wannan fatsa mayar da kifin suke yi. Wayar da ke gaban ƙuda, wadda a da ake sa ta don kada a yi asarar kifi, yanzu har da tausayinsa: kada ya tsinke zare ya tafi da ƙarfe a maƙogwaro. Da yawa sukan daina fita in ruwa ya yi ɗumi, saboda fayik da ya sha kokawa a lokacin yakan mutu bayan an sake shi. A Ayalan, inda ɗaya daga cikin sunayensa a harshen ƙasar ke nufin baƙon kifi, aka kuma yi shekaru ana kwashe shi da raga daga manyan tafkunan tirawut irin su Corrib, dokar 2006 ta hana mutum ɗaukar fiye da guda a rana, ta kuma hana kashe wanda ya wuce santimita 50. Wajen 2013 wani binciken ƙwayoyin halitta ya nuna alamar cewa fayik ya isa tsibirin da kansa dubban shekaru da suka wuce. Bai kashe gardamar ba. Masu tirawut na yammacin ƙasar har yanzu ɓarawo suke gani, kuma suna da hujjojinsu.

Babu fayik a kogunanmu, amma jikokin ƙudansa sun iso kusa da gida. A kogin Faro da ke arewacin Kamaru, wanda ke zuba cikin Binuwai, baƙi masu irin wannan fatsa kan zo da rani. Da rana su nemi tsage, da waya a gaban ƙuda saboda haƙoransa. In duhu ya yi kuma su tsaya kan duwatsu a bakin gurbi mai zurfi, dorinar ruwa na huci a gefe, su jefa wa giwan ruwa baƙaƙen ƙudaje masu tsawon tafin hannu da ƙaton kai, su riƙa ja sannu a hankali.