Gada Amana Ce

Ku 'yan makaranta na Kaikai da Kankiya da Kusada, hanyar Katsina zuwa Kano da ta ratsa ƙasarku tsohuwa ce ƙwarai. Ita fatake ke bi da jakunansu, ita kuma Baturen nan Barth, da ake kira Abdulkarim, ya bi ta Kusada cikin 1851. A zamanin nan in rafi ya kawo, sai ayari ya ya da zango har ruwa ya janye. Yau kan gada muke wucewa, ba mu ko san wanda ya gina ta ba. Watau mun ba shi amanar rayukanmu.

To, ku ji yadda aka ci wannan amana a Kwibek ta ƙasar Kanada. Ana shirin gina wata babbar gada ta ƙarfe, sai babban injiniya, Theodore Cooper, ya sa aka ƙara tsawonta, ba a sake lissafin nauyinta sosai ba. Ana cikin aiki aka ga ƙarafa sun fara tanƙwarewa, amma ba a dakata ba. Ran 29 ga Agusta 1907 ta rushe, ma'aikata 75 suka halaka. Tun 1925 injiniyoyin Kanada ke sa zoben ƙarfe a ƙaramin yatsa, don su riƙa tuna alkawarin aikinsu.

Cikinku akwai waɗanda za su gina mana gadoji. Ran da kuka ga ƙarfe ya tanƙware, ku tsai da aiki, ko da maigida zai yi fushi. Fushinsa ya fi jana'iza sauƙi.