Karon Adireshi Tsakanin Kwamfutoci: Dalilansa da Hanyar Gyara

Kowace kwamfuta, firinta ko wayar salula da aka haɗa da sauran na'urorin ofis tana da lambar da ake gane ta da ita, wadda ake kira adireshin IP. A tsarin da aka fi amfani da shi, wanda aka kafa a shekarar 1981, lambobi ne guda huɗu da ɗigo a tsakaninsu, kowace daga 0 zuwa 255, misali 192.168.1.20. Idan na'urori biyu suka riƙe adireshi ɗaya, saƙo ba ya sanin inda zai sauka, tamkar ɗalibai biyu masu lambar jarrabawa ɗaya.

Matsalar ta fi damun ƙananan ofisoshi da shagunan kwamfuta, irin na Ƙofar Kware da sauran unguwannin birnin Sakkwato, musamman lokacin da ɗalibai ke tururuwar fitar da takardunsu na JAMB, jarrabawar da tun 2015 a kwamfuta kawai ake yin ta. Alamunta su ne intanet ya riƙa zuwa yana yankewa, ko firinta ta amsa wa wannan ta ƙi wancan. Sau da yawa sai a ɗora laifi ga kamfanin sadarwa, alhali kuwa matsalar tana cikin ɗakin.

Rauta ce ke raba adireshi da kanta, ta hanyar tsarin DHCP, kuma tana riƙe lissafin abin da ta bayar. Rikici yakan taso ne idan wani ya sa wa firinta ko kwamfuta adireshi da hannu daga cikin waɗanda rautar ke rabawa, ita kuwa ba ta sani ba, ta ba wani. Haka nan idan aka kawo rauta ta biyu domin ƙara ƙarfin Wi-Fi aka bar ta tana nata rabon. Ɗauke wuta ma na taimakawa: wasu ƙananan rautoci kan manta lissafinsu kafin a tayar da janareta, yayin da kwamfutocin hannu masu batir ke riƙe da tsohon adireshinsu.

Kashe na'urori a sake kunnawa yakan kwantar da matsalar na yini ɗaya ko biyu, amma ba ya kawar da ita. Abin da ya kamata shi ne a gano na'urar da ake karo da ita. A kwamfuta mai Windows, a rubuta umurnin ipconfig /all. Idan kalmar Duplicate ta fito a gaban adireshin, to karo ne. Idan adireshin ya fara da 169.254, kwamfutar ce ta ba kanta, domin ba ta samu na kirki ba. Daga nan a buɗe Event Viewer a nemi rahoto mai lamba 4199, wanda ke nuna lambar MAC ta ɗaya na'urar, wato lamba mai alamomi 12 da ke kan katin sadarwarta. Shida na farko suna nuna kamfanin da ya ƙera shi, sai dai wayoyin zamani kan ƙirƙiri lambar bogi, don haka ba a dogara da wannan a kansu. Ana kuma iya cire kebul ɗin kwamfutar da ke ƙorafi, a yi ping ɗin adireshin daga wata, sannan a rubuta arp -a domin ganin wanda ya amsa.

Idan an gano ta, a mayar da ita ga karɓar adireshi daga rauta, a rubuta ipconfig /release sannan ipconfig /renew. Rauta ta biyu kuwa a kashe mata DHCP, a ba ta adireshin da ya bambanta da na ta farko.

Ana shawartar masu kula da kwamfutoci da su ware lambobi, misali 2 zuwa 49, ga firintoci da kyamarori, su bar wa rauta 50 zuwa 200. A kuma tanadi littafi ɗaya da za a rubuta sunan kowace na'ura, adireshinta, lambar MAC da ɗakin da take, a ajiye shi kusa da rauta domin amfanin duk wanda aka miƙa wa aikin.