Rigar Ɗan Wasa a Wasannin Burauza: Asalinta, Yadda Ake Zana Ta da Abin da Doka Ta Tanada

A duniyar wasannin kwamfuta, rigar ɗan wasa ita ce zanen da ake lulluɓe surar da mutum ke sarrafawa da shi, domin a bambance shi da sauran abokan karawa. Masu wasan sun fi kiranta da sikin. Ba ta ƙara wa mai ita ƙarfi ko gudu; aikinta kawai shi ne ta nuna ko wane ne shi, kamar yadda hula ko rigar ƙwallo ke yi a fili. Duk da haka, wannan ƙaramin hoto ya zama hajar kasuwanci mai ɗimbin kuɗi, ya zama ƙofar koyon zane ga matasa, ya kuma zama tarkon da 'yan damfara ke ɗana wa marasa sani. Matashin da ke zaune a Anguwan Rukuba, cikin Ƙaramar Hukumar Jos ta Arewa a Jihar Filato, yana iya zana irin wannan riga da wayar hannunsa, kamar yadda takwaransa na Kano ko Maraɗi zai iya.

Mene ne wasan burauza

Wasan burauza shi ne wanda ake buɗewa kai tsaye a manhajar shiga intanet, irin su Chrome da Firefox da Opera, ba tare da an sauke wata babbar manhaja ba. Mutum zai rubuta adireshin wasan, ya zaɓi suna, ya shiga fili ɗaya da mutanen da ke wasu ƙasashe. Wannan sauƙi ne ya sa irin waɗannan wasanni suka dace da tsohuwar kwamfuta da ƙaramar waya, da kuma shagunan intanet inda ake biyan kuɗin awa.

Ɗaya daga cikin waɗanda suka yi fice a cikinsu shi ne Agar.io, wanda wani matashi ɗan ƙasar Brazil, Matheus Valadares, ya ƙirƙira a watan Afrilun 2015 yana da shekara 19. Kamfanin Miniclip ya fitar da na waya a cikin wannan shekara. A wasan, kowa ƙwayar halitta ce mai siffar da'ira, tana yawo tana haɗiye 'yan ƙananan ɗigo da ƙwayoyin da ba su kai ta girma ba, tana gudun waɗanda suka fi ta. A 2016 Steve Howse ya fito da Slither.io, inda ɗan wasa ke jan wata halitta mai kama da maciji, sai kuma Krunker.io na harbe-harbe da ya biyo baya a 2018.

Yadda rigar ta samo asali

A farkon Agar.io, babu damar ɗora hoton da mutum ya ga dama. Akwai dai jerin sunaye da aka tanada, wanda idan mutum ya rubuta ɗaya a matsayin sunansa, sai da'irarsa ta sauya kama. Yawancinsu sunayen ƙasashe ne da na shugabanni, kuma Najeriya na cikin jerin: duk wanda ya rubuta sunanta, sai ƙwayarsa ta fito da launin kore da fari. Ba a daɗe ba lamarin ya shiga siyasa. Gabanin zaɓen ƙasar Turkiyya na watan Yunin 2015, magoya bayan jam'iyyu sun riƙa shiga wasan da sunaye da alamun siyasa suna farautar juna.

Daga baya kamfanin ya fara sayar da riguna da kuɗin cikin wasa, sannan ya ƙara wurin da mutum zai zana tasa da kansa. Slither.io shi ma ya ba da damar jera launuka ɗaya bayan ɗaya a jikin macijin. A gefe guda kuma, wasu masu shirya manhaja sun ƙirƙiro ƙarin kayan da ake liƙa wa burauza, waɗanda ke nuna kowane hoto a matsayin riga. Sai dai a mafi yawan lokuta masu irin wannan ƙari ne kaɗai ke ganin rigar. Sauran 'yan wasa da'ira kawai suke gani.

Wasan Minecraft, wanda Markus Persson na ƙasar Suwidin ya fara fitarwa a 2009, shi ne ya koya wa miliyoyin yara zana riga. Kamfanin Microsoft ya sayi kamfanin da ke da wasan a 2014 kan dala biliyan 2.5, kuma a 2019 aka sake buɗe tsohon samfurinsa kyauta a burauza.

Ma'auni da tsarin hoton

Kowane hoton kwamfuta tarin ƙananan ɗigo ne da ake kira fiksel. Rigar wasannin da'ira akan zana ta a fili mai kusurwa huɗu daidai wa daida, galibi ɗigo 512 a tsaye da 512 a kwance, wato ɗigo 262,144 gaba ɗaya. Wasan zai yanke da'ira daga cikin wannan fili, don haka kusurwoyi huɗun za su ɓace. A lissafi, abin da ke ɓacewa ya haura kashi 21 cikin 100 na hoton. Wanda ya sa rubutu ko wata muhimmiyar alama a kusurwa ya yi aikin banza.

Rigar Minecraft ta fi ƙanƙanta: ɗigo 64 a tsaye da 64 a kwance, wato 4,096. An shimfiɗa ta ne kamar yadda tela ke shimfiɗa yadi kafin ɗinki. Fuska tana da ɗigo 8 da 8, gaban jiki 8 da 12, hannu da ƙafa kuma 4 da 12. Akwai shimfiɗa ta biyu a kan ta farko, wadda ake amfani da ita wajen yin hula, mayafi ko malum-malum.

Nau'in fayil ɗin da ya fi dacewa shi ne PNG, saboda ba ya ɓata kaifin layi, kuma yana barin wani sashe na hoton ya zama babu launi, a riƙa hango abin da ke bayansa. Nau'in JPEG ba ya iya wannan, yana kuma dusashe gefen zane. Launi kuwa ana haɗa shi ne daga ja da kore da shuɗi, kowanne daga 0 zuwa 255.

Matakan zanawa

Mataki na farko shi ne karanta ƙa'idojin wasan, domin kowanne yana da girman hoton da yake karɓa da abubuwan da ya haramta. Na biyu shi ne zaɓen manhajar zane. GIMP da Inkscape kyauta ne a kwamfuta, Photopea tana aiki a cikin burauza, ibisPaint kuma tana aiki a waya.

Daga nan sai a buɗe sabon fili da ma'aunin da ake buƙata, a zana da'irar da za ta zama iyaka, a riƙa aiki a cikinta. Ƙwararru kan raba aikin shimfiɗa-shimfiɗa: launin ƙasa daban, babban zane daban, layin gefe daban, ta yadda gyaran ɗaya ba zai ɓata sauran ba. Launi biyu ko uku masu bambanci sosai sun fi launi goma masu kama da juna, saboda a lokacin wasa rigar tana motsi, kuma a farkon shiga ba ta fi girman ƙwayar gyaɗa ba a fuskar waya. Saboda haka, kafin a kammala, yana da kyau a ƙanƙantar da hoton a duba. Idan har ana gane shi a wannan hali, to zanen ya yi.

A ƙarshe sai a ajiye kwafi biyu: ɗaya mai shimfiɗu a rabe domin gyara nan gaba, ɗaya kuma na PNG da za a ɗora. Kwafin farko yana da wani amfani na daban, domin shi ne hujjar mai zane idan wani ya yi da'awar aikin nasa ne. A inda wutar lantarki ke yawan ɗaukewa, ajiye aiki a kai a kai wajibi ne.

Abin zanawa daga gida

Mai zane a Jos ba ya rasa abin koyi. Gidan Tarihi na Jos, wanda Bernard Fagg ya kafa a 1952, yana ɗauke da gumakan yumɓu na al'adar Nok, waɗanda aka fara cin karo da su a wuraren haƙar kuza. Idanunsu masu kusurwa uku da hudar tsakiya suna fitowa sarai ko a ƙaramin hoto. Kusa da shi akwai gidan tarihin gine-ginen gargajiya, inda aka kwaikwayi ganuwar Kano da masallacin Juma'a na Zariya. Duwatsun Shere da ke gabashin birnin, da jerin duwatsun da suka ɗare kan juna a tsaunukan Filato, su ma siffofi ne masu sauƙin ganewa.

A ƙasar Hausa kuwa akwai dagin Arewa, wanda tsarinsa ya yi daidai da da'ira, da aska takwas na babbar riga, da zanen hular Zanna Bukar, da ƙawar bangon gidajen Zariya da Kano, da sassaƙar ƙwarya, da ƙunshin lalle. Duk waɗannan an gina su ne a kan maimaita layi da daidaita ɓangarori, wanda shi ne abin da zanen ɗigo-ɗigo ke buƙata. Rigar da ta fito daga irin wannan gado tana gabatar da mai ita ga 'yan wasan wasu nahiyoyi ba tare da ya ce uffan ba.

Haƙƙin mallaka da iyakar doka

Dokar Haƙƙin Mallaka ta 2022, wadda aka sanya wa hannu a watan Maris na 2023, tana kare ayyukan zane, har da waɗanda aka yi a kwamfuta. Hukumar Kare Haƙƙin Mallaka ta Najeriya ce ke lura da ita. Kariyar tana farawa ne da zarar an kammala aikin a wata siffa tabbatacciya, ba sai an yi rajista ba. Wannan na nufin abu biyu: ba a yarda wani ya sayar da rigar da mutum ya zana ba tare da izininsa ba, shi ma ba a yarda ya ɗauki zanen wani ko hoton da wani ya ɗauka ya mayar nasa ba. Tambarin ƙungiyoyin ƙwallo, ko na gida irin su Plateau United da Kano Pillars ko na Turai, mallakar ƙungiyoyin ne. Ya kamata kuma a sani cewa sharuɗɗan yawancin wasanni suna ba kamfani damar amfani da duk abin da aka ɗora a dandalinsa.

Dokar Laifukan Intanet ta 2015, wadda aka yi wa gyara a 2024, ta haramta yaɗa abubuwan ƙiyayya ta ƙabilanci ko wariyar launin fata ta hanyar kwamfuta. Hoton da ke cikin wasa bai fita daga wannan hukunci ba don kawai ana kiransa wasa. Jos gari ne da ya haɗa ƙabilu da addinai, ya kuma ɗanɗana ɗacin rikici fiye da sau ɗaya, don haka mazaunansa sun fi kowa sanin inda ƙaramar tsokana ke iya kaiwa. Rigar da ke izgili ga addini ko ƙabilar wani tana iya sa a rufe asusun mai ita, kuma idan aka ɗauki hotonta aka yaɗa a Facebook ko WhatsApp, maganar ta bar hannun 'yan wasa.

Tarkon damfara da caca

Haɗari mafi kusa shi ne shafukan da ke alkawarin riguna kyauta ko kuɗin wasa marar iyaka. Sukan nemi mutum ya shiga da asusunsa na Facebook ko Google a shafin bogi, daga nan su ƙwace asusun. Ƙarin kayan burauza da ba a san asalinsu ba su ma suna iya karanta abin da mutum ke rubutawa, har da lambobin sirri na banki. Wanda ke amfani da kwamfutar shago ya tabbatar ya fita daga asusunsa kafin ya tashi. Bai dace yaro ya yi riga da hoton fuskarsa, ko sunan makarantarsa, ko lambar wayarsa ba, domin baƙi ne ke cike da filin.

Batun kuɗi ma ba ƙarami ba ne. Tun da kamfanin Valve ya shigar da rigunan bindigogi cikin wasan Counter-Strike a 2013, aka samu kasuwar saye da sayarwa da ta rikiɗe ta zama caca, har kamfanin ya aika wa shafukan cacar takardun gargaɗi a 2016. A 2018 hukumar caca ta ƙasar Beljiyam ta yanke cewa akwatunan sa'a da ake saye da kuɗi a wasu wasanni caca ne. A watan Disambar 2022 kuma, kamfanin Epic Games mai wasan Fortnite ya amince da biyan dala miliyan 520 a Amurka, kan zargin keta sirrin yara da kuma yaudarar 'yan wasa su sayi abin da ba su yi niyya ba. Iyayen da suka haɗa katin banki da wayar da yara ke wasa da ita suna da dalilin sa ido.

Daga wasa zuwa sana'a

Dabarun da ake koya wajen zana riga, wato aiki da shimfiɗu, zaɓen launi, kiyaye ma'auni da sanin nau'in fayil, su ne dai ake buƙata wajen zana tambarin kamfani, katin gayyatar biki, allon talla da fastar fim. Wasu dandamali, irin su Roblox, suna ba masu zane damar sayar da kayan da suka ƙirƙira, ko da yake kamfanin ke riƙe kaso mai yawa, kuma akwai sharuɗɗa kafin a iya cire kuɗi.

Jos tana da wuraren da mai sha'awa zai ci gaba. Akwai Jami'ar Jos, da Cibiyar Koyar da Fim ta Ƙasa da ke ƙarƙashin Hukumar Fina-finai ta Najeriya, da Kwalejin Talabijin ta NTA, da cibiyar fasahar zamani ta nHub. A matakin tarayya kuma akwai shirin 3MTT da aka ƙaddamar a 2023 domin horar da mutum miliyan 3 a fannonin fasaha, ciki har da zanen fuskar manhajoji. A irin waɗannan wurare, abin da akan fara tambayar mai neman gurbi ko aiki shi ne samfurin abin da ya taɓa yi da hannunsa, kuma tarin rigunan da mutum ya zana da kansa, ya ajiye asalin fayilolinsu, yana iya zama farkon wannan samfuri.