Yadda Excel ya sa masana suka canza wa ƙwayoyin gado suna

Ka taɓa rubuta lambar waya a Excel ka ga sifirin farko ya ɓace? To, irin wannan karambanin ne ya daɗe yana ɓata wa masu binciken ƙwayoyin gado aiki.

Akwai ƙwayar gado mai suna SEPT2, akwai kuma MARCH1. Da zarar an zuba sakamakon gwaji a Excel, sai ya ɗauka kwanan wata ne, ya mayar da su 2-Sep da 1-Mar ba tare da ya sanar da kowa ba. Tun 2004 masana suka yi gargaɗi a kai. A 2016 wasu masu bincike a Ostareliya suka duba dubban maƙalu masu ɗauke da irin wannan jadawali, suka tarar kusan ɗaya cikin biyar na da wannan kuskure.

Zuwa 2020 kwamitin HGNC mai raɗa sunayen ya haƙura, ya sauya guda 27. SEPT2 ya koma SEPTIN2, MARCH1 ya koma MARCHF1. Sai a 2023 Microsoft ta kawo zaɓin kashe wannan sauyi.

Don haka kafin ka zuba bayananka, fara mayar da layin zuwa Text. Ka kuma ajiye asalin fayil ɗin daban, domin in Excel ya sauya rubutu ka adana a haka, na farkon ya tafi ke nan.